Kalmar “receiver”: shin “mai karɓa” ta wadatar a fassara?

Mai Fassarar Labarai ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa, na zo da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina fatan waɗanda suka san fannonin da abin ya shafa za su warware mini ita. Aikina fassarar labarai ne daga Ingilishi zuwa Hausa, kuma a 'yan watannin nan na ci karo da kalmar “receiver” har sau uku, a wurare ukun da babu abin da ya haɗa su. Na farko a labarin wani kamfani da bashi ya yi wa katutu, inda aka ce kotu ta naɗa masa “receiver”. Na biyu a takardar bayanin yadda ake haɗa na'urar kallon tashoshin tauraron ɗan'adam. Na uku a wani darasi na ilimin sadarwa.

A duka ukun “mai karɓa” na rubuta, domin ita ce ta fara zo mini a baki. A darasin sadarwa na ga kamar ta zauna daram, a takardar na'ura kuma ta yi ɗan nauyi amma an gane. A labarin kamfanin ne aka samu cikas, domin wani mai karatu ya rubuto yana tambayar ko nawa mutumin ya biya ya karɓi kamfanin, wato shi a fahimtarsa sayar masa da kamfanin aka yi. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda kuskuren daga alƙalamina ya fito, kuma labari ne da ya shafi dukiyar mutane da hanyar abincinsu.

Saboda haka nake tambaya: ma'anoni nawa ne wannan kalma take ɗauke da su, kuma akwai kalma guda ta Hausa da za ta iya ɗaukarsu duka, ko kuwa wajibi ne kowane fanni a nema masa tasa?

Tsohon Injiniyan Sadarwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Zan yi magana a kan ɓangaren na'urori, wanda shi ne na yi shekaru ina aiki a cikinsa, in bar wa masana shari'a nasu.

A wayar tarho kalmar ta fara yin suna a bakin jama'a. Tun bayan da Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a ranar 7 ga Maris, 1876, an raba aikin na'urar gida biyu: ɓangaren da ake magana a cikinsa, da ɓangaren da ake karawa a kunne. Wannan na biyun shi ne “receiver” na asali. Idan ka kwance shi, abin da za ka tarar ba shi da yawa: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, sai wani faifan ƙarfe mai kaurin takarda a gabansa. Lantarkin da ya biyo layi yana ƙara wa maganaɗisun ƙarfi yana rage shi daidai da hawa da saukar muryar mai magana, faifan ya riƙa karkarwa, karkarwar nan kuma ita ce muryar da kunne yake ji. A tsofaffin wayoyi wannan ɓangare daban yake, ana rataye shi a wata ƙugiya a gefen wayar, nauyinsa ya danne ƙugiyar ya katse layi, idan an ɗauke shi kuma layin ya buɗe. Da aka haɗa na baki da na kunne a mariƙi guda, sai sunan ya bi dukan mariƙin. Bahaushe bai wahalar da kansa ba a nan, “kan waya” yake cewa, ya ɗaga kan waya, ya ajiye kan waya, kuma ina ganin babu fassarar da ta fi wannan. Har yau masu ƙera na'urar taimakon ji suna kiran 'yar ƙaramar lasifikar da take shiga kunne da wannan sunan, gado ne daga tarho.

A rediyo kuwa, aikatau ɗin da ya dace shi ne “kama”. Ba mu cewa rediyo ta karɓi tasha, cewa muke yi ta kama tasha, kuma wannan ya fi kusa da gaskiyar abin da yake faruwa. Karɓa tana nuna cewa wani ya miƙo maka abu kai kaɗai, alhali gidan rediyo watsawa yake yi ga kowa, iska cike take da siginar ɗaruruwan tashoshi a lokaci guda, aikin akwatin rediyo shi ne ya tsamo guda ɗaya daga cikinsu, ya ƙara mata ƙarfi domin takan iso a raunane, sannan ya zare murya daga igiyar da ta ɗauko ta. Lokacin da Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, ya bayyana cewa ya ji ɗigo uku masu nufin harafin S a alamomin telegiraf a tsibirin Newfoundland da yake Kanada a yau, ranar 12 ga Disamba, 1901, waɗanda aka aiko daga Cornwall ta Ingila, kamawa ya yi, kuma da ƙyar.

Na'urar da kika fassara takardarta kuwa, masu haɗa dish ba su da wani suna da suke kiranta da shi face risiba, wasu kuma su ce dikoda. Faifan dish yana tattara siginar da take saukowa daga tauraron da yake nesa da ƙasa da kusan kilomita 36,000, ya mayar da ita kan ɗan abin nan da yake tsaye a gabansa, shi kuma ya sauko da ita ta kebul zuwa risiba, risiba ta warware ta ta miƙa wa talabijin hoto da sauti. Shawarata ita ce ki rubuta risiba kai tsaye, domin wanda zai karanta takardar da ita ya saba. Haka nan na'urar GPS da take cikin wayar hannu risiba ce zalla: ba ta aika wa taurari komai, saurare kawai take yi, kuma sai ta ji aƙalla taurari huɗu kafin ta iya lissafa inda mutum yake.

Akwai wani wuri da nake so ki sake dubawa, wato darasin sadarwar da kika ce kalmar ta zauna daram. Ya danganta da tsarin da darasin ya bi. A tsarin da Claude Shannon ya fitar a 1948 abubuwa biyar ne a jere: tushen saƙo, na'urar aikawa, hanya, “receiver”, sannan wanda aka nufa da saƙon. A wurinsa “receiver” na'ura ce da take mayar da sigina ta koma saƙo, mutumin da zai ji yana bayanta, kuma matsayinsa daban. A tsarin David Berlo na 1960 ne kalmar ta koma kan mutumin da kansa. Idan darasinki na Berlo ne, “mai karɓar saƙo” daidai ne. Idan na Shannon ne, kin haɗe matakai biyu da shi ya raba da gangan.

Lauya Mai Zaman Kansa ya rubuta:

Malama, mai karatun da ya rubuto miki ya yi miki alheri, domin ya nuna miki daidai inda “mai karɓa” take ɓatar da mutane. A shari'ar bashi da karyewar kamfanoni, “receiver” ba ya mallakar komai daga abin da aka danƙa masa. Mutum ne da ake naɗawa domin ya riƙe wata dukiya, ya tsare ta daga salwanta, ya tattara abin da take samarwa na haya ko riba ko bashin da ake bin wasu, wani lokaci ya sayar da ita, sannan ya miƙa kuɗin ga waɗanda suke da haƙƙi bisa tsarin da doka ta shimfiɗa. Abin da yake samu shi ne ladan aikinsa kawai. Asalin sunan ma daga tattara kuɗin shiga ya fito, domin tsohuwar kotun Chancery ta Ingila takan naɗa irin wannan mutum ya riƙa karɓar hayar gidaje da gonakin da ake jayayya a kansu har a gama shari'a.

Misali zai fi fito da abin fili. A ranar 10 ga Maris, 2023, hukumomin jihar Kalifoniya ta Amurka sun rufe bankin Silicon Valley, suka naɗa hukumar inshorar ajiyar bankuna ta ƙasar, wato FDIC, a matsayin “receiver”. Hukumar ba ta sayi bankin ba. Riƙe shi ta yi, ta tabbatar masu ajiya sun kai ga kuɗinsu, kafin ƙarshen watan kuma ta sayar wa bankin First Citizens ajiyoyin da basussukan. A wannan labari akwai mai riƙo kuma akwai mai saye, kuma idan mai fassara ya kira na farkon “mai karɓa”, ba shi da sauran kalmar da zai bambanta shi da na biyun. Haka aka yi da bankin Washington Mutual ranar 25 ga Satumba, 2008, sai dai shi a rana guda aka rufe shi aka kuma sayar wa bankin JPMorgan Chase, abin da ya sa bambancin ya fi wuyar gani ga mai karatu.

Wajibi ne kuma ki duba wanda ya yi naɗin, domin hukuncin ya sha bamban. Wanda kotu ta naɗa jami'in kotu ne, ba ya ɓangaren kowa, kuma ga alƙali yake kai lissafin duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Wanda banki ya naɗa bisa yarjejeniyar jingina kuwa, babban abin da yake gabansa shi ne ya fitar wa bankin kuɗinsa daga kadarar da aka jinginar, ko da sauran masu bin bashi ba za su sami komai ba. Wannan ne ya sa aka yi ta sukar tsarin a Birtaniya, har dokar 2002 ta taƙaita ikon bankuna na naɗa irin wannan mutum a kan dukan kamfani, ta fifita tsarin da yake ƙoƙarin ceto kamfanin domin amfanin dukan masu bin bashi. A ganina gyaran ya yi daidai, domin ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata su ne suka fi shan wahala a tsohon tsarin. Kada kuma a haɗa shi da mai rushe kamfani, wanda aikinsa shi ne ya sayar da komai ya raba kuɗin a shafe sunan kamfanin daga rajista. Kamfani yana iya fita daga hannun mai riƙo ya ci gaba da harkokinsa, amma ba ya fita daga hannun mai rushewa da rai.

Shari'a tana da wasu ma'anonin kuma. A Ingila akwai jami'in gwamnati da ake kira “Official Receiver” tun daga dokar fatara ta 1883, wanda yake fara riƙe dukiyar wanda kotu ta ayyana ya karye, yana kuma binciken dalilin karyewar. A Kanada “Receiver General” shi ne ofishin da kuɗin gwamnatin tarayya suke shiga ta hannunsa suke kuma fita, wato abin da za mu kira babban ma'aji. A Birtaniya akwai “Receiver of Wreck”, jami'in da duk wanda ya tsinci kayan jirgin ruwan da ya nutse sai ya sanar da shi cikin kwana 28, shi kuma ya ba mai kayan shekara guda ya zo ya tabbatar nasa ne. Duk waɗannan amana ce ta haɗa su.

Sai ma'ana guda da ta yi hannun riga da sauran, wato wanda yake karɓar kayan sata yana sane da cewa na sata ne. A nan babu amana ko kaɗan, laifi ne, kuma dokar sata ta Ingila ta 1968 ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, domin masu doka sun fahimci cewa ɓarawo ba zai yi ƙarfi ba idan ba shi da inda zai kai kaya. Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci da suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. A wannan wuri kaɗai “mai karɓar kayan sata” ta cika ma'ana ba tare da ƙari ba. Ki lura da haɗarin da yake ciki: kalma guda tana nufin amintaccen kotu, tana kuma nufin abokin ɓarayi.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Ina so in ƙara wata ma'ana da ba mutum ba ce ba kuma na'urar sigina ba, wato mazubi. A ɗakin gwaje-gwaje, idan ana tace ruwa ta hanyar tururi, kwalbar da ake ajiyewa a ƙarshen bututu domin ɗigon da ya huce ya riƙa taruwa a cikinta ita ake kira “receiver”, kuma ni “kwalbar tara ruwa” nake ce wa ɗalibaina. Robert Boyle, wanda ya wallafa gwaje-gwajensa na famfon zuƙe iska a 1660, da wannan sunan ya kira ƙaton tulun gilashin da yake sanya kyandir a ciki ya zuƙe iskar ya ga yadda wutar take mutuwa. Tankin da yake jikin injin matsa iska ma haka sunansa yake a littattafan injiniyoyi, kuma “tankin iska” ya ishe shi.

A bindiga, kalmar tana nufin gangar jikin da ta ƙunshi kunama da sauran sassan da suke motsi, wadda ake ɗaura bututu da gindin bindigar a jikinta. A dokar Amurka ta 1968 wannan yanki shi kaɗai ana ɗaukarsa a matsayin bindiga, kuma a jikinsa ake buga lambar shaida. Idan labari ya ce an kama mutum da “receiver” guda goma, mai fassarar da bai san wannan ba zai iya rubuta cewa risibar dish aka kama shi da ita.

A wasanni kuma, a ƙwallon Amurka ɗan wasan da yake rugawa gaba ya cafke ƙwallon da aka jefo masa ne, kamar Jerry Rice da ya cafke 1,549 a tsawon wasansa, a tanis kuwa wanda yake tsaye yana jiran bugun farko ya mayar. “Mai cafkewa” da “mai tarba” sun fi dacewa da su.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga wani aikatau mai nufin karɓo abu ko dawo da shi hannu, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi. Ingilishi yana da 'yar'uwarta daga tushe guda, wato “recipient”, kuma ita aka fi yi wa amfani ga wanda abu ya ƙare a hannunsa, kamar wanda aka aika wa wasiƙa, ko aka ba lambar yabo, ko aka ƙara wa jini. Wannan ce ta fi cancantar “mai karɓa”.

Mai Fassarar Labarai ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya, na koma na duba darasin, kuma tsarin Shannon ne mai matakai biyar, saboda haka na gyara na huɗun ya zama “na'urar karɓar sigina”, na biyar kuma “wanda aka nufa da saƙo”. Takardar dish ma na mayar da ita risiba.

Abin da na lura da shi daga bayananku shi ne, a mafi yawan wuraren abin ba ya tsayawa a hannun “receiver”, wucewa yake yi: kan waya yana miƙa wa kunne, risiba tana miƙa wa talabijin, wanda kotu ta naɗa yana miƙa wa masu haƙƙi. Wannan ya sa nake tunanin ko “mai riƙon ƙwarya” zai dace da labarin kamfanin, tunda magana ce da kowane mai karatu ya sani, kuma tana nuna cewa riƙon na ɗan lokaci ne. Barista, me ka gani?

Lauya Mai Zaman Kansa ya rubuta:

Malama, tunaninki ya kusa, kuma ya fi “mai karɓa” nesa ba kusa ba, amma ina da ja a kansa. Riƙon ƙwarya a bakin Hausawa na kujera ne: shugaba ya rasu ko ya sauka ko ya yi tafiya, sai wani ya riƙe muƙamin kafin a naɗa na dindindin. Idan kika rubuta cewa kotu ta naɗa wa kamfani mai riƙon ƙwarya, mai karatu zai ɗauka manajan ne ya tafi aka sa wani ya zauna a kujerarsa, ba zai ji ƙamshin bashi ko jingina ko jayayya a cikin maganar ba, alhali su ne ainihin labarin. Sau da yawa ma daraktocin kamfanin suna nan da muƙamansu, ikon taɓa dukiyar ne aka cire daga hannunsu. Wani lokaci kuma ba kamfanin duka aka danƙa masa ba, gini guda ne ko masana'anta guda, kuma babu wanda zai ce ana riƙon ƙwaryar gini.

Kalmar da na fi natsuwa da ita ita ce “mai riƙon amanar kadarori”, ko a taƙaice “mai riƙon kadara” bayan an ambace shi sau ɗaya. Ta ɗan yi tsawo, amma ta ƙunshi abubuwa ukun da mai karatu yake bukata: dukiya ake magana a kanta, ba tasa ba ce, kuma za a tambaye shi lissafi. A karon farko da ya fito a labari, ki ƙara rabin jimla da zai faɗi wanda ya naɗa shi da dalilin naɗin. Da ni ne zan rubuta gyaran, ga yadda zan sa shi: “Kotu ta naɗa mai riƙon amanar kadarorin kamfanin, wanda zai kula da su ya kuma tattara kuɗin da suke samarwa domin biyan masu bin bashi, har zuwa lokacin da za ta yanke hukunci, ba a sayar da kamfanin ba.” Ki kuma amsa wa mai karatun nan da kanki, ki shaida masa cewa mutumin bai biya ko sisi ba, hasali ma shi za a biya ladan aikinsa daga cikin dukiyar da yake riƙe da ita.